Yadda ake shirya gajeren fim ɗin zombi a Jos da kuɗi kaɗan

Zombi a fim shi ne mutumin da ya rikiɗe ya zama dodo mai bin mutane da cizo. Fim ɗin zombi da ke hana mai kallo barci shi ne wanda aka nuna uwa ta kulle ɗanta a ɗaki, tana jin yana dukan ƙofa, ta kuma san in ta buɗe sauran yaran sun halaka. Matasan Jos suna ɗaukar gajerun finafinan tsoro da waya, kuma akwai hazaƙa a aikinsu, sai dai yawanci ƙarfinsu duka a kwalliyar dodanni da guje-guje yake ƙarewa. In aka tashi daga kallo ka tambayi mutum sunan jarumin, sai ya yi shiru. Wannan bayani na mai son yin fim na minti 12 zuwa 15 ne, wanda mutanen cikinsa za su riƙe labarin, dodannin kuwa su tsaya a bayan katanga suna matsa musu lamba.

Tun asali ma haka salon ya taso. Fim ɗin da George Romero ya fitar a Amurka a 1968, wanda daga gare shi zombin zamani ya samo kamanni, baƙi da fari ne, kuɗinsa kaɗan, kuma mafi yawansa a cikin gidan gona guda aka yi shi, inda mutum bakwai suka maƙale suna jayayya a kan ko su sauka ɗakin ƙasa ko su tsaya sama. A nan gida, C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014 a wata unguwar talakawa ta Legas, ya ɗora cutar a kan gurɓataccen ruwan sha. Ba wanda ya jira miliyoyi a cikinsu.

Mataki na farko: kafa dokar cutar

Kafin ka rubuta layi ɗaya na magana, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi huɗu: ta yaya cutar ke kama mutum, awa nawa take ɗauka kafin ya fita hayyacinsa, me ke jawo hankalin waɗanda suka kamu, me kuma ke tsayar da su. Abin da ka rubuta shi ne doka, kada ka karya ta a tsakiyar fim don labari ya maka sauƙi. In ka ce cizo na ɗaukar awa goma, to awa goma ne ga kowa, har da wanda ka fi so a cikin 'yan wasan.

Shawarata ga mai yi wa Hausawa fim ita ce ya mai da abin ciwo, kada ya ce matattu ne suka fito daga kabari. Mai kallonka, Musulmi ne ko Kirista, ya yi imani tashin matattu sai ranar kiyama, kuma da zarar ka nuna gawa ta yaye likkafani ka jawo musun da zai cinye fim ɗin gaba ɗaya. Ciwon haukan kare ya ishe ka abin koyi. Ta yawun dabbar da ta kamu yake shiga jikin mutum, galibi ta cizo, mai shi yakan rikice, ya riƙa tsoron ruwa, kuma in alamun suka bayyana da wuya a tsira. Kowa ya san wannan ciwo, don haka ba ka buƙatar dogon bayani. Wani amfanin kuma shi ne wanda ya kamu yana nan da ransa, kashe shi kisan kai ne, kuma nauyin nan shi zai zauna a wuyan mutanenka.

Gargaɗi ɗaya a nan: Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924, tana kusa da Jos, kuma marubuci zai ji sha'awar ya ce daga can cutar ta ɓalle. Kada ka yi. Kada ka jingina annobar ƙirƙira ga wata cibiya ta gaske, ko asibiti, ko unguwa, ko ƙabila. Bar asalin cutar a duhu, jita-jita iri uku daga bakin mutane uku ta fi ban tsoro.

Mataki na biyu: gina mutanen

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Mutum uku ko huɗu sun isa. Ga kowanne ka rubuta abin da yake so, abin da yake ɓoyewa, da wanda ba zai iya bari a baya ba. Sannan ka tabbata abin da ɗaya yake so ya ci karo da na ɗaya.

Bari in ba da misali da za ka iya aunawa da naka. Inna Asabe, mai sayar da masa a Gangare, mijinta ya rasu. Ɗanta na fari, Aminu, direban keke-napep ne, shi ya fita nemo ruwa ya dawo da hannu a naɗe. Ƙanwarsa Ladidi, 'yar shekara tara, ta ga abin da ya faru ta kafar ƙofa amma ya roƙe ta kada ta faɗa. Sai Baba Dung, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya zo sayen masa ranar da gari ya rikice, ya kasa komawa gida wurin iyalinsa. Inna tana son 'ya'yanta biyu su rayu. Baba Dung yana son makullin keken don ya isa Bukuru. Aminu yana son ya ga ya kai su wuri mai aminci kafin awanninsa su cika. Ladidi tana ɗauke da sirrin da ya fi ƙarfinta.

Ka lura da al'adar da ke cikin gidan, domin a can ƙarfin fim ɗinka yake. Inna Asabe ba ta taɓa kiran Aminu da sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. "Kai" take ce masa, in tana maganarsa da wani ta ce "yaron nan". Ka riƙe wannan tun daga minti na farko, kada wani ya yi bayaninsa. Ga yadda daren farko zai iya kasancewa:

"Kai, me ya samu hannun naka?"

"Ba komai Inna, langa-langa ne ya yanke ni."

"Zo in gani."

"Inna ki bari sai da safe."

Ba ta sake tambaya ba. Ta juya ta ɗebi tuwo, ta ƙara masa malmala a kan tasa, ta rage nata. Mai kallo ya gane ta sani, kuma ya gane ba za ta faɗa ba. Can ƙarshe, bayan an kulle shi yana dukan ƙofa, ta jingina goshinta da ƙyauren ta kira shi da sunansa na yanka, karo na farko a rayuwarta. Bahaushe ba ya buƙatar kiɗa a wannan wuri.

Akwai tambayar da finafinan waje ba su cika tsayawa a kanta ba, mu kuwa ita ce babba a wurinmu: haƙƙin mamaci. Wa zai yi wa wanda cutar ta kashe wanka? Wa zai sallace shi, ina za a binne shi alhali ba a iya fita? Lokacin annobar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo, wankan gawa na cikin hanyoyin da ciwon ya yaɗu, kuma hana dangi taɓa mamacinsu ya jawo tashin hankali mai yawa. Sa wannan a tsakanin mutanenka. Bari Baba Dung, wanda ba addininsu ɗaya ba, ya zama shi ne zai ɗauki shebur ya haƙa kabari a tsakar gida, yana tambayar Ladidi, "'Yata, ina ne alƙibla?"

Ka guji mugu zalla da nagari zalla. Idan Baba Dung ya saci makullin keken cikin dare, mai kallo ya ji haushinsa, ya kuma tuna yana da jikoki a Bukuru. Jos gari ne da ya ga rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010. Mutanen da za su kalli fim ɗinka sun san dokar hana fita, sun san kwana ana sauraron motsin waje, wasunsu maƙwabci ne ya ɓoye su, wasu kuma sun rasa nasu. Ka girmama wannan. Kada kayan da dodanninka suka saka ko unguwar da suka fito su nuna wani ɓangare guda. Haɗa su: mai jallabiya, mai kwat, 'yar makaranta, mai tallan ayaba.

Mataki na uku: rubutun

Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka shafi 12 zuwa 15 kake nema. Fara bayan gari ya riga ya watse, ba ka da kuɗin nuna watsewarsa. Rediyo mai ƙaramin batir, tulu da ya kusa ƙarewa, da buhunan da aka jera a bayan ƙofa sun faɗi komai. Shafi uku na farko su nuna mutanen da dokar cutar, tsakiya ta zama sirrin Aminu da matsin ƙishirwa, shafi uku na ƙarshe su zama zaɓin da Inna za ta yi. Idan ka gama, tara 'yan wasan su karanta da ƙarfi a zaune. Duk layin da ya yi wa baki nauyi, ko wanda mutum ke faɗin abin da ke ransa kai tsaye kamar "ina cikin baƙin ciki", soke shi ka nemo aikin hannu da zai maye gurbinsa. Ka bar Hausar Jos yadda take a bakin Baba Dung, kada ka gyara masa ita ta koma ta Kano.

Mataki na huɗu: wuri, lokaci da izini

Jos ta yi wa mai irin wannan fim gata. Tsaunukan Shere, duwatsun Riyom, tsoffin layukan dogo, da tuddan jar ƙasa da kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru, duk suna da kamannin duniyar da mutane suka ƙaurace wa. Amma kashi mafi yawa na fim ɗinka a gida ɗaya za a yi shi: zaure, tsakar gida, ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Nemi gidan da za a bar maka shi na tsawon aikin, wanda ba injin niƙa ko mai walda kusa da shi. Wuraren waje biyu ko uku sun wadatar.

Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, shi ya fi. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, sanyin asuba na sa tituna su zama wayam, hazo kuma ya dusashe nesa ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Masu wani fim ɗin Ingila na 2002 da wannan dabarar suka nuna Landan babu kowa: da sassafe suka riƙa fita da ƙananan kyamarori, a tsayar da motoci na 'yan mintuna su ɗauka. Kai ma ka kasance a wurin kafin gari ya waye, komai a shirye, domin abin da za ka samu tsakanin fitowar haske da fitowar 'yan keke bai fi rabin awa ba. Safiyar Lahadi ta fi shiru a wasu unguwannin.

Maganar izini kuwa ba ta wasa ba ce, a Jos musamman. Mutum ashirin jina-jina suna bin wani da gudu a titi, in ba a san fim ba ne, cikin minti biyar labari ya kai Terminus, cibiyar kasuwancin garin, cewa an fara rikici, 'yan kasuwa su hau rufe shaguna, iyaye su ruga makarantu. Je wurin mai unguwa da kanka tun da sauran kwanaki, ka kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin mai ɗauke da rana da awa da adadin mutane, ka roƙi limamin masallaci da faston cocin unguwar su sanar. Ranar aiki a kafa allo babba a kowane bakin layi cewa ana ɗaukar fim, a sa mutum biyu masu rigar haske suna yi wa masu wucewa bayani. Kada kowa ya bar wurin da kwalliyar jini a jikinsa, ko ruwan leda zai sayo. Bindigar roba da kakin soja ko na ɗan sanda, ka cire su daga labarin kawai. Kududdufan kuza kuma suna da zurfi ƙwarai, sun sha cin rayuka, daga nesa za a ɗauke su, ba mai shiga ko tsayawa a gaɓarsu. Kangon babbar kasuwar da ta ƙone a Fabrairun 2002 yana jan ido, amma tsohon ginin da wuta ta ci ba wurin gudu ba ne, kuma ba a shiga sai da yardar hukuma.

Mataki na biyar: kwalliya da tufafi

Jinin fim a kicin ake haɗa shi. Dafa sukari kofi biyu da ruwa kofi ɗaya har ya yi danƙo, a bar shi ya huce, a zuba jan kalar abinci, sannan a ƙara garin koko kaɗan-kaɗan har jan ya yi duhu. Jini na gaske ba ja wur yake ba, in ya bushe ma ruwan ƙasa yake komawa. In kana son mai gudu a fuska, tsinka shi da zoɓo mai kauri. Duka abin ci ne, ko ya shiga baki ba matsala, sai dai yana kiran ƙuda, don haka a shafa shi dab da ɗauka.

Don fatar mara lafiya, a shafa farar hoda ko farar ƙasa sama-sama, a murza kwalli a ƙasan ido da gefen hanci, a bar leɓe ya bushe. Wurin cizo kuwa, a jera siraran yadudduka na takardar goge hannu da ruwan roban kwalliya, in ya bushe a yaga tsakiya, a sa baƙi a ciki, ja a gefe. A gwada roban a bayan hannun ɗan wasa kwana ɗaya kafin aiki, wasu fatarsu ba ta ɗaukarsa. Kada a sa wa kowa gilashin ido mai launi na cikin ƙwayar ido da aka saya a bakin titi. Kayan sawa a samo gwanjo a kasuwar Katako, a jiƙa su cikin baƙin shayi, a murje su da jar ƙasa, a goge gwiwa da kafaɗa da dutse. Duk rigar da jini zai taɓa a tanadi biyu iri ɗaya, don in ba a samu ɗauka ta farko ba.

Cizon Aminu shi kaɗai ne ya cancanci awa guda na mai kwalliya, domin shi kyamara za ta matsa kusa da shi. A ɗauki hotonsa a kowane mataki, don kumburin ya riƙa ƙaruwa daidai da awannin labari. Sauran dodannin da za a hango daga nesa ko ta kafar ƙofa, ƙura da yagaggen kaya sun ishe su.

Mataki na shida: ɗauka

Horar da masu fitowa a dodanni yini guda kafin aiki. Hana su miƙe hannu gaba suna gurnani. Ba kowanne ciwo ɗaya a jiki: wannan ƙafarsa ta karye, wancan wuyansa ya sanƙare, wata kuma har yanzu tana riƙe da farantin tallanta. Kowa ya sani ba cizo na gaske, ba ture mutum ƙasa sai wanda aka gwada a hankali aka amince.

Waya mai kyamara mai kyau ta isa. A kwantar da ita, a saita hoto 24 a daƙiƙa, a kulle haske da saitin ido don kada su riƙa canzawa da kansu, a goge gilashin kafin kowace ɗauka saboda ƙurar hunturu. Sanyi na shanye batir da wuri, a zo da na ajiya a aljihu. Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa sau ɗaya, sannan fuskar kowa kusa. Idan mutum biyu na magana, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ta tsallaka za a ga kamar gefe guda suke kallo. Ka fi ɗaukar fuskar mai sauraro a kan ta mai magana: idon Ladidi lokacin da yayanta ke yi wa Inna ƙarya ya fi maganar tasa amfani. Dare kuma da fitilar kwai ko tocila ɗaya da farin kwali mai mayar da haske za a yi shi, ana barin rabin fuska a duhu.

Sauti ya fi hoto saurin tona asirin ƙaramin fim. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, a lulluɓe shi da soso saboda iska, a sa wani ya riƙa saurare da abin kunne. Janareto ya yi nisa ko a kashe shi. A kowane wuri, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun wurin, za ka buƙace shi wajen haɗawa. Abinci da shayi mai zafi na ma'aikata su ne za su fi cin kuɗinka, ka ware su tun farko, ka kuma sa iyayen yarinyar da za ta fito a Ladidi su sa hannu a takarda, ɗayansu ya kasance a wurin.

Mataki na bakwai: haɗawa, gwaji da fitarwa

A cikin manhajojin haɗa bidiyo, DaVinci Resolve yana da na kyauta a kwamfuta, CapCut kuma na aiki a waya. Fara haɗa labarin ba kiɗa. In bai taɓa zuciya a haka ba, kiɗa ba zai cece shi ba. Ƙarar karyewar ƙashi karas ne da kabeji daga kasuwar Farin Gada, a karya su kusa da makirfo. Ka yi tunanin abin da kunnen ɗan Jos ya saba ji da asuba, kiran sallah daga masallatai da yawa, ƙarar keke, ƙararrawar coci ranar Lahadi, sannan ka cire su duka. Inna ta farka ta zauna tana jiran kiran sallah, bai zo ba, ta yi taimama saboda ruwan na sha ne, ta tayar da sallarta. Kiɗan wani kuma kada ka ɗauka ba izini, YouTube na iya toshe fim ɗin.

Kafin fitarwa, nuna wa mutum goma da ba su san labarin ba, har da dattijai mata biyu ko uku. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Tambaye su sunayen mutanen, wa suka fi jin tsoron ya mutu, a ina hankalinsu ya tafi kan waya, kuma da su ne Inna me za su yi. In suka fara musu a kan ko Baba Dung ya kyauta, aikin ya kama hanya. Wurin da mutum uku suka ce sun gaji, yanke shi ko da ka sha wuyar ɗaukarsa.

Idan za a nuna shi a sinima ko a sayar, sai ya bi ta Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993 mai hedikwata a Abuja, ita ke sa masa shekarun masu kallo. Jihar Kano na da tata hukumar tun 2001, in can za ka kai shi ka nemi ƙa'idojinta tun kana kan rubutu. A Jos ɗin kanta akwai Hukumar finafinai ta Nijeriya da makarantarta ta koyon fim, inda za ka iya samun ɗalibai masu neman aikin gwaji a kyamara da sauti, kuma hukumar ce ke shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja. Bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka saka a intanet, saboda haka ka sa masa fassarar Turanci a ƙasan allo, ka aika musu tukuna, ka jira amsa kafin ka ɗora shi a YouTube da gargaɗin cewa ba na yara ba ne.